Ƙidayar Jama'a: Sai Mudu Ya Zama Ɗaya Kafin A Kwatanta Awo

Duk ɗalibin da ya taɓa ƙirga tsirrai a filin makaranta ya san ƙa'ida guda: idan ana son a gane ko ciyawa ta ƙaru daga bara zuwa bana, dole ne a auna fili ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, kuma ta hanya ɗaya. Wannan ƙa'ida ta ilimin halittu ita ce ke aiki a ƙidayar 'yan Adam.

Bari mu fara da alƙaluman Nijeriya. Ƙidayar 1952/53 ta ba da mutum miliyan 30.4, ta 1963 miliyan 55.7, ta 1991 kusan miliyan 89, ta 2006 kuwa miliyan 140.4. An soke ta 1962 da ta 1973 saboda gardama. Idan aka lissafa, za a ga jama'a ta ƙaru da kusan kashi 6 cikin ɗari a kowace shekara tsakanin 1953 da 1963, sannan ta faɗo ƙasa da kashi 2 har zuwa 1991, ta sake haurawa sama da kashi 3 zuwa 2006. Haihuwa da mutuwa ba sa tsalle irin wannan, kuma babu ƙasar da haihuwa kaɗai ke ƙara mata kashi 6 a shekara. Masana na ganin cewa a 1952/53 mutane da yawa sun ɓuya don tsoron haraji, a 1963 kuma an yi aringizo saboda rabon kujerun majalisa. Ke nan mudun ne ya canza.

Abu na biyu shi ne iyaka. Wanda ya ɗauki alƙaluman tsohuwar Jihar Kaduna ya jera su da na 1991 zai yi kuskure babba, domin an cire Katsina daga cikinta a 1987. Alƙaluman da za a iya jerawa su ne na 1991, wato 3,935,618, da na 2006, wato 6,113,503. Garin Kaduna kansa ya bazu cikin ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Igabi da Chikun. Unguwar Mahuta, wadda ke kudancin Kogin Kaduna a yankin matatar mai, tana cikin Chikun. Don haka duk wanda ya haɗa Kaduna ta Arewa da ta Kudu ya ce jama'ar gari ke nan, ya bar Mahuta da maƙwabtanta a waje, alhali kuwa ta irin waɗannan gefuna ne garin ya fi faɗaɗa. Bugu da ƙari, sakamakon 2006 da aka buga ya tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, bai sauko kan unguwanni ba.

Na uku shi ne lokaci. A Nijeriya ana ƙirga mutum ne a inda aka same shi, ba a garinsu ba. An yi ƙidayar 1991 a ƙarshen Nuwamba, sa'ad da manoma ke ƙarasa girbi. Ta 2006 kuwa a watan Maris aka yi ta, da tsakiyar rani, lokacin da 'yan cin rani ke cika birane. Wannan bambanci kaɗai yana iya ɗaga adadin birni, ya sauke na ƙauye.

Na huɗu shi ne tambayar kanta. A 2006 ne aka fara haɗa ƙidayar jama'a da ta gidaje, aka tambayi irin rufi da bango da ruwan sha da makewayi. Babu irin waɗannan bayanai a 1963 da za a kwatanta da su. Ko kalmar "gida" tana da rikici. A wurin mai ƙidaya, iyali su ne waɗanda ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya. Gidan haya guda a Mahuta yana iya ƙunsar iyali goma, gidan gandu a ƙauye kuwa mutum talatin ne a tukunya ɗaya. Haka nan an tambayi addini da ƙabila a 1963, amma an cire su a 1991 da 2006.

Wannan magana ba ta masana kaɗai ba ce. Da waɗannan alƙaluma ake ƙiyasta yawan azuzuwa da allurar rigakafi da rijiyoyin burtsatse da unguwa ke bukata. Tun da aka ɗage ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023, ƙiyasi ya ci gaba da dogara kan ta 2006, kuma kuskuren da ke cikin tushe yana girma tare da lissafin.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka jera alƙaluma biyu, tambayi wa aka ƙirga, a wace iyaka, a wane wata, da wace tambaya. Malamai na iya gwada wannan a aji: a sa rukuni biyu na ɗalibai su ƙirga "gidajen" layi ɗaya ba tare da an fayyace musu ma'anar kalmar ba, sannan a nemi dalilin da ya sa amsoshinsu suka bambanta.