Yadda Ake Gane Takobi Mai Kyau Kafin a Saya

1.0 Gabatarwa

Takobi makami ne mai kaifi biyu, miƙaƙƙe, wanda tsawonsa kan kai kusan mita ɗaya. Zamanin yaƙi da shi ya wuce, amma har yanzu ana cinikinsa a wurare irin su Kasuwar Kurmi ta Kano, domin mahaya suna rataya shi a Hawan Sallah, wasu kuma suna ajiye shi don tarihi. Wannan takarda za ta yi bayanin abin da mai saye ya kamata ya duba. Muhimmin batu shi ne, darajar takobi tana ga ruwansa, ba ga adon kubensa ba.

2.0 Sassan Takobi

Ruwa shi ne ƙarfen takobin kansa. Yana da kaifi a gefe biyu da tsini a ƙarshe. Mariƙi shi ne inda ake kamawa, kube kuma gidan da ake zura takobin. Hamila ita ce igiyar da ake rataya shi da ita a kafaɗa. Maƙeri ne ke aikin ƙarfe, baduku kuma ke ɗinka kube. Saboda haka ana iya samun kube mai kyau a jikin ruwa marar kyau, domin hannu biyu ne suka yi aikin.

Hausawa sun ba takubba sunaye gwargwadon siffarsu. Tamogashi shi ne mai layi uku a tsawon ruwansa, dunhu marar zane ko kaɗan, bisalami kuwa mai lanƙwasa.

3.0 Asalin Ruwan Takobi

Da yawa daga tsofaffin takubban ƙasar Hausa, ruwansu daga Turai ya zo ta hamada. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kamar 50,000 a shekara, kowane a kan wuri 1,000, kuma kusan duk waɗanda ya gani ƙirar garin Solingen ne na Jamus. A Kano ake sa musu mariƙi da kube, sannan a sayar wa Hausawa da Fulani da Buzaye.

Irin wannan ruwa kan zo da tambari, misali jinjirin wata guda biyu ko hoton kyarkeci yana gudu. Da tambarin ya yi suna, sai maƙeran gida suka riƙa buga irinsa a nasu aikin. Ke nan tambari kaɗai bai isa shaida ba.

4.0 Hanyoyin Gwaji

Na farko, a zare takobin, a miƙa shi wajen haske, a bi tsawonsa da ido tun daga mariƙi har tsini. Mai kyau miƙaƙƙe ne, layukansa kuma ba sa karkacewa.

Na biyu, da izinin mai kaya, a kafa tsinin a kan katako a danna kaɗan. Ƙarfen da ya sha wuta daidai zai lanƙwashe, da an sake shi ya koma yadda yake. Wanda ya tsaya a lanƙwashe, na ado ne kawai.

Na uku, a duba kaifin a tsanake. Giɓi ƙarami ana iya wasa shi ya fita. Tsaga kuwa, wadda ta taso daga kaifi ta nufi tsakiya, ba ta da magani, nan takobin zai karye.

Na huɗu, a riƙe mariƙi a girgiza. In ya yi motsi ko ƙara, ƙarfen da ya shige ciki gajere ne ko ya saki. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin lokacin jafi mahaya kan sukwano da takubba a zare, ga jama'a dama da hagu.

Na biyar, a lura da tsatsa. Baƙa-baƙa alamar tsufa ce, ja kuwa tana kan cin ƙarfen. Takobin da aka ce tsoho ne amma yana sheƙi kamar madubi, wataƙila an kai shi ga injin wasa wuƙa, an cinye tambarinsa da kaurinsa.

5.0 Kwatanci da Ƙasar Japan

Mutanen Japan sun mai da wannan dubawa ilmi mai zaman kansa. Takobinsu, katana, kaifi ɗaya gare shi. Maƙeri kan ninka ƙarfen ya buga sau da yawa, sannan ya shafe shi da yumɓu, mai kauri a gadon baya, kaɗan a bakin kaifi, kafin ya tsoma shi a ruwa. Wannan ke sa kaifi ya yi tauri, baya kuma ya yi sauƙin karɓar bugu. Iyakar da ke tsakaninsu kan fito kamar farin zane, shi ne hamon, kuma shi mai saye ke fara nema a gaban fitila.

Bayan haka yakan cire mariƙi ya duba ƙarfen ciki, inda maƙeri ke sassaƙa sunansa. Ba a goge tsatsar wannan wuri, domin ita ke nuna shekaru. Su ma suna fama da sunayen jabu, shi ya sa ƙungiyar NBTHK, wadda aka kafa a 1948, take bincika takubba tana ba da takardar shaida. A can ma, tsaga a kaifi na zubar da darajar takobi.

6.0 Kammalawa

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta tabbatar da nagarta. Wanda bai saba ba, ya fara zuwa gidan tarihi na Gidan Makama a Kano ya ga tsofaffin makamai, ranar ciniki kuma ya tafi da maƙeri. Kube in ya tsufa, baduku zai ɗinka wani. Ruwan da ya tsage kuwa, ba mai ɗinke shi.