Shayi ko kafe: wanne ya fi dacewa da jikinmu?

Kafin a buɗe kantuna a Yamai, mai shayi ya riga ya kafa teburinsa. A tashar Wadata, a bakin kasuwar Katako, da cikin unguwanni, muna ganin mutane zaune bisa benci, kowa da burodinsa a hannu. Wannan ya ce a haɗa masa Lipton da madara, wancan ya ce shi sai Nescafé. Da rana kuma, bayan an ci abinci, sai a hura gawayi, a ɗora ƴar buta, a dafa ɗanyen shayi har sau uku. Samari a fada sukan kai tsakar dare suna jiran na uku.

Gardama ba ta ƙarewa tsakanin mutanen nan. Mashaya shayi suna cewa kafe yana sa zuciya bugawa. Mashaya kafe suna cewa shayi ɓata lokaci ne. Mu dai ba za mu raba wannan gardama ba, domin kowa da abin da ransa ke so. Baligi mai lafiya yana iya shan kowanne daga cikinsu, in bai wuce kima ba. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne lokacin sha, da yawan sukari, da kuma wanda ake ba wa.

Shayi da kafe duka suna ɗauke da wani sinadari mai suna kafeyin. Shi ne kuma yake cikin goro. Aikinsa shi ne korar barci da gajiya na ɗan lokaci. Kofi ɗaya na kafe ya fi kofi ɗaya na Lipton yawan kafeyin, sau da yawa har ninki biyu. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Shayinmu na buta ana zuba masa ganye da yawa cikin ruwa kaɗan, a tafasa shi ya daɗe. Saboda haka na fari yana da ƙarfi ƙwarai, ko da yake finjalin ƙarami ne.

Kafeyin ba ya barin jiki da sauri. Bayan kamar awa 5, rabinsa yana nan cikin jini. Wanda ya sha na fari bayan sallar isha'i, kada ya yi mamaki in ya kwana yana juyi. Gobe kuma ya tashi a gajiye, ya sake neman wani kofin.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta fi shafar mata da yara. Jikinmu yana bukatar sinadarin ƙarfe domin ya ƙera jini. Muna samunsa cikin nama da hanta, da kuma wake, da gero, da ganyaye irin su zogale. Idan muka sha shayi tare da abinci, ko da zarar mun wanke hannu, wani abu da ke cikin ganyen yana kama wannan ƙarfe a cikin hanji, ya hana shi shiga jini. Masana sun auna, sun ga shayi yana iya rage fiye da rabin ƙarfen da jiki zai samu daga abincin. Kafe ma yana ragewa, amma bai kai shayi ba. Ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye shi ya fi kamuwa, alhali kuwa su ne abincin yawancinmu.

Ƙarancin jini ya yi yawa a Nijar, musamman ga mata masu ciki da ƙananan yara. Alamunsa su ne kasala, da jiri, da haki, da farin cikin ido da tafin hannu. Mace mai ƙarancin jini tana cikin haɗari ranar haihuwa, domin jini kaɗan in ya zuba zai iya kayar da ita. To, maganin wannan ɓarna ta shayi ba ya cin ko dala: mu jinkirta. Mu bar aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi ko kafe. Mace mai zuwa awon ciki, in an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta haɗiye su da ruwa, ba da shayi ba. Lemun tsami da tumatir da gwaiba kuwa suna taimaka wa ƙarfe ya shiga jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki da ke shan kafeyin fiye da miligiram 300 a yini ta rage. Wannan ya kai kamar kofi 3 na kafe mai ƙarfi, kuma goron da ta ci yana cikin lissafi. Yara ƙanana kuwa, bai kamata a saba musu da ragowar buta ba. Zaƙin yana cika musu ciki, su ƙi tuwo. Jariri kafin wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

Sai sukari. A nan ne mai shayi da mai kafe suka zama ɗaya. Hukumar nan ta ce a 2015 kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Mu ƙirga abin da ake zubawa cikin buta sau uku, mu ƙara da madarar gwangwani mai zaƙi ta safe. Da yawanmu mun wuce iyaka tun kafin la'asar. Yawan sukari yana ɓata haƙori, yana kawo ƙiba, ƙiba kuma tana buɗe wa ciwon sukari da hawan jini ƙofa. In an rage cokali ɗaya kowane mako, harshe yana sabawa. Haka nan a bar abin sha ya ɗan huce, domin mai ƙuna yana cutar da maƙoshi.

Aljihu ma yana da nasa ra'ayi. Ba a noman shayi ko kafe a Nijar. Ɗanyen shayi daga ƙasar Sin ake kawo shi, kafe kuma mafi yawansa daga Kodebuwa. Dattawa suna tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. Amma muna da namu na gida. Na'ana'a tana fitowa a garakun bakin kogin Isa, tana kuma yi ko cikin tsohon bokiti a tsakar gida, in tana samun ruwa. Ganyen geza, wanda ake kira kinkeliba, da furen zoɓo, ba su da kafeyin. Wanda shayi ke hana wa barci yana iya dafa ɗayansu da dare, ya zauna da ƴan uwa a yi hira da shi.