Ko Kun Sani? Kwazazzabon da Hannun Mutum Ya Sassaƙa

A birnin Sirakusa da ke tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, akwai wani kwazazzabo mai suna Latomia del Paradiso wanda ba ruwa ne ya ci shi ba. Girkawa ne suka haƙa shi, sama da shekara 2,000 da suka wuce, suna yanko dutsen gina birninsu.

Dutsen na farar ƙasa ne, wanda ya taru daga ɓawon halittun teku tun wurin yana ƙarƙashin ruwa. Yana yankuwa da sauƙi, shi ya sa masu fasa dutse suka yi ta bin sa can ciki, har rufin wasu ramukan ya rufta daga baya, rana ta samu hanyar shiga. A irin waɗannan ramuka aka tsare fursunonin yaƙi 'yan Atens kimanin 7,000 a shekarar 413 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), abin tausayi.

Yau kuwa kwazazzabon lambu ne. Mai tattaki zai ratsa inuwar lemo, ya ga sawun kurfi a bango, sannan ya shiga kogon Kunnen Dionisiyus mai tsayin mita 23, inda ko takarda ka yaga sai ƙarar ta cika kogon.