Gyaran Sharuɗɗan Babban Digiri a Fannin Aikin Kiɗa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a yi bayani a kan yadda wasu jami'o'in Amurka da na Turai suka tsara babban digiri, watau digiri na biyu da na uku, domin mutumin da sana'arsa ita ce kaɗa kayan kiɗa ko rera waƙa, da kuma irin gyare-gyaren da aka riƙa yi wa sharuɗɗan wannan digiri. Tun da farko wajibi ne a rarrabe mutum biyu. Akwai manazarcin kiɗa, wanda yake bincike a kan tarihin kiɗa da ƙa'idojinsa, ya rubuta kundi. Akwai kuma makaɗi, wanda iliminsa yake a hannunsa da kunnensa da maƙogwaronsa. Jami'a ba ta sha wahala ba wajen auna na farkon, domin da alƙalami aka san ta. Na biyun shi ne ya ta da ƙura. Idan mai karatu ya lura zai ga cewa duk gyaran da aka yi wa wannan manhaja yana komawa ne ga tambaya guda: da wane ma'auni jami'a za ta tabbatar cewa makaɗi ya kai matsayin malami?

Asalin Digirin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jami'o'in Amurka sun cika maƙil da ɗalibai, musamman saboda dokar 1944 wadda ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga fagen fama. Sassan koyar da kiɗa suka bunƙasa, aka ɗauki gwanayen fiyano da na goge irin na Turawa da mawaƙa aikin koyarwa. To, amma sai matsala ta ɓullo. Ƙa'idar jami'a ita ce ana ƙara wa malami girma ne bisa ga digirinsa da rubuce-rubucensa, ga shi kuwa waɗannan gwanaye sun ƙare ƙuruciyarsu ne a ɗakin gwaji. Saboda haka sai ka ga mashahurin makaɗi yana ƙasa da wanda bai kai shi sanin kiɗa ba, don kawai shi wancan yana da digiri na uku.

Mutumin da ya fi tsayawa a kan neman mafita shi ne Howard Hanson, shugaban Makarantar Kiɗa ta Eastman da ke cikin Jami'ar Rochester, wanda ya riƙe makarantar daga 1924 zuwa 1964. Shi ya jagoranci yunƙurin kafa wani sabon digiri na uku, watau Dokta a Fasahar Kiɗa, wanda ake taƙaita sunansa da D.M.A. Makarantarsa ta fara shirin a 1953, aka kuma fara bayar da digirin a 1955. Ba a yi wannan cikin ruwan sanyi ba. Paul Henry Lang, shaihin malami a fannin tarihin kiɗa a Jami'ar Kolombiya, ya fito fili ya soki shirin, domin a ganinsa laƙabin Dokta na masu bincike ne, bai kamata a bayar da shi don gwanintar hannu ba. Wannan suka ta bar tabo a jikin manhajar, domin masu shirya ta sun yi ta cusa mata darussan karatu da jarrabawa don kada a ce digirin ba shi da nauyi.

Sharuɗɗan da Aka Gada

Kowace makaranta tana da nata tsari, amma akasarinsu sun yi tarayya a kan abubuwa biyar. Na farko, gwajin shiga: mai neman gurbi zai tsaya gaban malamai ya kaɗa ko ya rera zaɓaɓɓun kiɗe-kiɗe, sa'an nan a jarraba shi a kan tarihin kiɗan Turai da ƙa'idojin haɗa sautuka. Na biyu, darasi na mutum ɗaya da malaminsa, yawanci sa'a guda kowane mako. Na uku, wasa a bainar jama'a, wanda ɗalibi zai shirya shi kaɗai ko tare da 'yan rakiya. A digiri na biyu, wanda yakan ɗauki shekara biyu, akan nemi wasa ɗaya ko biyu. A na uku kuwa akan nemi kamar uku, sau da yawa ɗaya daga ciki yakan zama lacca ce haɗe da kiɗa, inda ɗalibi zai yi bayani ya kuma kaɗa misalin abin da ya faɗa. Na huɗu, jarrabawar karanta wani baƙon harshe, galibi Jamusanci ko Faransanci ko Italiyanci. Na biyar, babbar jarrabawa ta rubutu da ta baka, tare da kundi wanda yawanci bai kai na mai Ph.D. tsawo ba.

Idan aka dubi waɗannan sharuɗɗa da idon basira za a ga an gina su ne a kan zato guda, watau cewa kiɗa abu ne da wani ya riga ya rubuta a takarda, aikin makaɗi shi ne ya karanta ya fitar da shi yadda marubucin ya nufa. Harsunan da aka zaɓa ma suna nuna haka, domin su ne harsunan da aka rubuta tarihin wannan kiɗa da su. Ke nan duk makaɗin da ya koyi sana'arsa da ka, kome gwanintarsa, tun a bakin ƙofa za a mayar da shi.

Wuraren da Aka Yi Gyara

Gyara na farko ya shafi kunne. Abin mamaki shi ne manyan mutanen da manhajar take girmamawa, irin su Bach da Mozart da Beethoven, duk sun shahara wajen ƙirƙirar kiɗa nan take ba tare da duba takarda ba, amma ɗalibi yana iya gama digiri na uku ba a taɓa neman ya yi haka ba. Kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka shi ya fara fasa wannan katanga. A 1969, zamanin shugabancin Gunther Schuller, Makarantar Kiɗa ta New England da ke Boston ta buɗe sashen jaz mai bayar da digiri. Da yake ƙirƙira nan take ita ce ƙashin bayan jaz, tilas aka sake tsarin gwajin shiga da na wasan ƙarshe, aka koma ana auna abin da ɗalibi zai iya ginawa a kan karin da ya ji. A 2014 wani kwamiti na ƙungiyar malaman kiɗa na jami'o'in Amurka ya fitar da rahoto yana kira da a mayar da ƙirƙira da tsara kiɗa su zama tushen karatun kowane ɗalibi. Ko da yake rahoton ya yi magana ne a kan digiri na farko, abin ya shafi na gaba, tun da daga na farkon ake samun masu shiga na biyu.

Gyara na biyu ya shafi malamai. A 1960 Mantle Hood na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya kawo ra'ayin cewa kamar yadda mutum yake iya jin harshe biyu, haka ya kamata manazarci ya iya kaɗa kiɗan al'ummar da yake nazari a kanta, kada ya tsaya ga saurare da rubutu kurum. Wannan ra'ayi ya sa jami'arsa ta riƙa gayyato makaɗan gargajiya daga Indonesiya da Gana da wasu ƙasashe su koyar. A nan Afirka ma, Makarantar Kiɗa da Wasan Kwaikwayo da aka kafa a Jami'ar Gana da ke Legon a 1962, inda J. H. Kwabena Nketia ya yi aiki, ta ɗauki gwanayen ganga su koyar da ɗalibai. A wannan tsari sana'ar mutum ita ce takardar shaidarsa.

Gyara na uku ya shafi nau'in kiɗan da za a yi digirin a kansa. A 1983 Makarantar Sibelius da ke Helsinki, babban birnin Finlan, ta buɗe sashen kiɗan gargajiyar ƙasar, inda ɗalibai suke koyo ta hanyar saurare da kwaikwayo, har da sauraren tsofaffin faya-fayan da aka adana, su kuma ƙirƙiro nasu. A ƙasar Ailan, Mícheál Ó Súilleabháin ya kafa wata cibiya a Jami'ar Limerick a 1994, wadda ta zo ta riƙa bayar da digiri na biyu a kan aikin kiɗan gargajiyar ƙasar. Waɗannan misalai biyu sun nuna cewa ana iya ɗora babban digiri a kan kiɗan da ake gada da ka ba tare da darajar digirin ta zube ba.

Akwai kuma wasu ƙananan gyare-gyare. Wasu makarantu sun sassauta sharaɗin baƙon harshe, suka bar ɗalibi ya zaɓi harshen da ya dace da bincikensa. Wasu sun ƙara darussan dabarun koyarwa da na tafiyar da sana'a, saboda guraben aiki a manyan ƙungiyoyin kiɗa ba su kai yawan masu kammala karatu ba.

Sai dai kowane gyara yana da tsadarsa. Lokacin karatu ƙayyadadde ne, duk darasin da aka shigar sai an fitar da wani ko an rage sa'o'in gwaji, makaɗi kuwa ba ya zama gwani sai da yawan gwaji. Har ila yau, auna wasa ya fi auna kundi wuya. Kundi yana nan a ajiye, mai jarrabawa na waje zai iya karanta shi sau uku. Wasa kuwa da an tashi ya wuce. Shi ya sa akan kafa kwamitin malamai su saurara tare, a kuma ɗauki wasan a na'ura a adana.

Abin da Ya Shafe Mu

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan magana? Ruwansa a bayyane yake. A sassanmu na Hausa muna nazarin waƙar baka a matsayin adabi. Mukan juye waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo a takarda, mu fitar da jigo da salo da zubi da tsari, mu yi sharhi a kan kirari da zambo da habaici. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai, amma kotson da aka rera waƙar da shi yakan tsaya a layi ɗaya na gabatarwa. Alhali kuwa Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma mai kalangu yana matse igiyoyin da ke jikinsa ya sassauta don sautin ya hau ko ya sauka daidai da maganar da yake kwaikwaya. Wanda bai san abin da kalangu yake faɗa ba, rabin waƙar ya ji. Littafin da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa ya isa shaida cewa wannan fanni yana da faɗi da ƙa'idoji nasa na kansa.

Wani misali zai ƙara fito da maganar. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digiri na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka da kundin da ya rubuta a kan Alhaji Mamman Shata. Shi kuwa Shata, sai a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Duka biyun sun cancanta, amma digirin girmamawa yabo ne ga mutum ɗaya, ba ya samar da hanyar da wani yaro zai bi a koya masa, a jarraba shi, shi ma ya koyar da na baya.

Bahaushe yana da tasa manhaja tun kafin zuwan boko. Yaron makaɗi yakan fara da ɗaukar kaya da bin ubangidansa wurin biki, sa'an nan ya shiga cikin 'yan amshi ko ya riƙe ƙaramar ganga, a hankali har a sakar masa wuri. Jarrabawarsa kuwa a gaban jama'a ake yin ta, a fada ko a dandali ko a filin dambe, inda ba a ɓoye kuskure. Idan aka kwatanta wannan da tsarin D.M.A. za a ga darasin mutum ɗaya da malaminsa da kuma wasa a bainar jama'a duk muna da su. Abin da jami'a za ta ƙara shi ne bayani a rubuce da adanawa.

Saboda haka duk jami'ar da ta tashi tsara irin wannan digiri domin kiɗan Hausa, ko ta tashi gyara wanda take da shi, a ganina ya kamata ta kula da abu huɗu. A yi gwajin shiga da kunne da hannu, a koyar da rubutun kiɗa na Turawa daga baya a matsayin kayan aiki, domin ba a tsara shi don sautin goge ko algaita ba. A ba gwanayen makaɗa gurbin koyarwa da zama cikin kwamitin jarrabawa ko ba su da takardar boko. A sa wasa ya ɗauki kaso mafi tsoka na maki, kundi ya zama bayanin abin da ɗalibi ya yi da dalilinsa. Sa'an nan a yarda a rubuta kundin da Hausa, kamar yadda ake yi a sassanmu, tun da da Hausa makaɗan suke ambaton sassan kayansu da nau'o'in kiɗansu.

Kammalawa

A taƙaice, an ga yadda buƙatar ba makaɗa matsayi a jami'a ta haifar da wannan digiri a Amurka a shekarun 1950, da yadda tsoron suka ya sa aka ɗora shi a kan takarda, da kuma yadda makarantu a Boston da Los Angeles da Legon da Helsinki da Limerick suka buɗa ƙofa ga kunne da gwanin gargajiya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa daga cikin manyan makaɗan kotso da taushi da kukuma sun riga mu gidan gaskiya, kuma faifai yana adana sauti ne kawai, ba ya gyara wa yaro hannu. Ina fata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su dubi wannan magana, su gyara inda na yi kuskure, su kuma faɗaɗa bincike a kanta tun waɗanda suka gaji sana'ar suna raye.