Harafi Ba a Cikin Madanni Yake Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana zagaya rumfunan masu sayar da kwamfutocin gwanjo a kasuwar Bilak ta Ajame, har ta ƙetare gada ta isa shagunan Hausawan Tireshbil, wai duk na'urar da aka shigo da ita Abijan daga Amurka, idan ka danna Q ta rubuta maka A, to tana da aibi, sai an canja mata allon madannai. Wasu ma sun ƙara da fatawar cewa ƙ da ɗ da ɓ ba su rubutuwa a allon Faransanci ko kaɗan. Duka biyun ba su da tushe, illa dai masu gyara na cin kuɗi da su.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, madanni ba ya aika harafi, lamba kawai yake aikawa, kuma manhajar da ke cikin na'ura ita ke da hakkin yi wa lambar nan tafsiri. Misalinsa kamar rumfa ce a kasuwa, wadda lambarta ba ta sauyawa, ko da yau mai goro ne a ciki, gobe mai atamfa. Madannin nan na farko a layin haruffa na sama, lambarsa 16 ce a wajen Windows, tsarin QWERTY da kamfanin Remington ya fitar a 1874 ya kira shi Q, tsarin AZERTY na Faransa ya kira shi A, alhali kuwa madannin bai gusa ba.

Saboda haka wanda ya so, yana iya sauya tafsirin da kansa, ba tare da ya kwance ƙusa ko ɗaya ba. Da manhajar Keyman, wadda ƙungiyar SIL ke bayarwa kyauta, ko AutoHotkey, ana iya hukunta cewa AltGr tare da K su haifi ƙ, tare da D su haifi ɗ. Ɗan kasuwa kuwa da ya gaji da riƙe Shift kafin kowace lamba, kamar yadda AZERTY ya wajabta, sai ya 'yanta layin lambobin gaba ɗaya. Wata manhajar kuma, SharpKeys, ita a rajistar Windows take rubuta canjinta, don haka sai an kashe na'ura an kunna, kuma canjin zai shafi duk mai amfani da ita. 'Yan takardun da ake mannawa a kan madannai ado ne kurum, gumin yatsa ke cinye su.

Abin takaici, Faransa da kanta ta sake wa AZERTY ƙa'ida a 2019 domin haruffanta su samu sauƙi, Nijar kuwa tun 1999 ta tabbatar da ƴ a rubutun Hausa a hukumance, amma har yau takardun gayyata na ƙungiyoyinmu a Tireshbil suna fitowa da ƙ da ɗ babu lanƙwasa, shugabanni kuma suna sa hannu ba su ko ɗaga gira ba.