Kafin Ku Sayi Gida: Abin da Za Ku Duba Domin Lafiyar Iyali

Da yawa daga cikin cututtukan da ke kawo yara asibiti, a gida ake kamuwa da su. Sauron da ya sa wa yaro zazzaɓi, a ɗakin kwana ya cije shi. Ruwan da ya sa shi gudawa, daga rijiyar gida ko ta maƙwabta aka ɗebo shi. Kuɗin gida sau ɗaya ake biya, amma idan gidan mai kawo ciwo ne, kowace shekara za ku riƙa biyan kuɗin magani. Shi ya sa wannan ɗan littafi ya tattara abubuwan da ya kamata mai neman gida ya duba a Tandjouaré da Dapaong da Sokode da garuruwan da ke kewaye da su. Mai neman haya ma zai amfana da shi.

Tun ƙarshen shekarar 2021, rashin tsaro a wajen Kpendjal ya sa iyalai da yawa sun taso sun dawo Dapaong da garuruwan da ke kan babbar hanya. Masu neman gida sun ƙaru, kowa kuma yana gaggawa. A irin wannan lokaci ne ake sayar wa mutane gidan da ba wanda ya so shi a da. Ku yi haƙuri, ku duba da kyau.

Ku fara da unguwa

Kafin ku je wurin dillali, ku zauna da iyali ku yi shawara. Mutum nawa za su kwana a gidan? Akwai tsoho da ba ya iya hawa tudu? Akwai dabbobi? Ina kasuwa, ina makarantar yara? Ku yanke iyakar kuɗin da za ku iya biya, ku kuma ware na gyara, da na takardu, da la'adar dillali. Wanda ya zuba dukan abin hannunsa a kan ciniki ba zai sami na haƙa salga ko na sa silin ba.

Ku tuna dillali la'adarsa yake nema, sai an yi ciniki yake samu. Ku saurare shi, amma ku koma unguwar ba tare da shi ba. Ku gai da maƙwabta, ku zauna da su. Ku tambaye su dalilin da ya sa mai gidan yake so ya sayar, su wa suka zauna a ciki, me ya tashe su. Matan unguwa sun fi kowa sanin inda ruwa yake kwanciya da rijiyar da take ƙafewa, domin su ne masu ɗiban ruwa.

Akwai tambaya ɗaya da bai kamata a manta ba: idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare a watan Agusta, mota ko babur zai iya zuwa ƙofar gidan? Ku bi hanyar da kanku daga gidan zuwa asibitin da ya fi kusa, ku ga ko akwai rafi ko kwazazzabo da ke yanke ta idan an yi ruwa. Dapaong da Sokode suna da manyan asibitocin yanki, amma asibiti ba ya amfanar wanda ruwa ya tare wa hanya.

Ku ga gidan da damina

Da rani kowane gida kyakkyawa ne. Damina ce take tona asirinsa. A arewacin Togo ruwa ya fi ƙarfi a watannin Agusta da Satumba. A shekarar 2007 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a yankin Savanes, musamman a Kpendjal da Tône da Oti. A Sokode ƙoramun Kpondjo da Kpandi suna ratsa gari, kuma gidajen da ke gefensu su ne farkon shan ruwa. A Tandjouaré da Dapaong akwai tuddai da duwatsu, ruwan sama yana gangarowa da ƙarfi ya zaizaye tushen gidan da ke ƙasan tudu.

Idan da hali, ku je ganin gidan washegarin ruwa mai yawa. Idan dole da rani za ku saya, ku nemi alamun da damina ta bari. Ku duba ƙasan bango ko akwai zanen ruwa, ko gansakuka, ko farin gishiri da ke fitowa daga siminti. Ku shiga ɗaki ku shaƙa, warin danshi ba ya ɓuya. Ku lura da sabon fenti da aka shafa a ƙasan bango kaɗai, sau da yawa abin da ruwa ya ɓata ake rufewa. Ku duba ko tsakar gida ta fi titi tudu. Idan titi ya fi ta, ruwan unguwa a gidanku zai sauka. Ku zuba bokitin ruwa a tsakar gida ku ga inda ya nufa da ko rariya tana fitar da shi.

Hadarin farkon damina daga gabas ya fi tasowa, don haka bangon gabas shi ya fi shan duka. Ku zagaya ku gan shi. Tsagar da ta tashi daga tushe ta nufi sama, wadda yatsa ke iya shiga, alama ce ta ƙasa tana motsi. Irin wannan sai magini ya gani kafin a yi maganar kuɗi.

Rijiya da salga

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a gida. Gudawa da taifot da kwalara da tsutsar ciki duk hanyarsu ɗaya ce: ƙazantar bayan gida ta shiga ruwan sha ko abinci. Ma'aikatan tsabta suna ba da shawara a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, kuma rijiyar ta kasance ta wajen tudu. Ku auna da taku, kusan taku 40 na babban mutum.

Filin gini da aka saba yankawa a Togo, wanda ake kira lo, mita 20 ne a faɗi da mita 30 a tsawo, rabin lo kuwa rabin haka. A rabin lo da wuya a sami wannan tazara. Kada ku tsaya ga salgar gidan kaɗai. Ku tambayi inda ta maƙwabci take, domin wataƙila bango ɗaya ne ya raba ta da rijiyarku. A ƙasa mai dutse da tsaga, ƙazanta tana bin tsagar ta yi nisa fiye da yadda take yi a ƙasa mai laka.

Ku leƙa rijiyar. Tana da murfi? An ɗaga bakinta, an yi mata daɓen siminti kewaye domin kada ruwan wanki ya koma ciki? Tana kai wa watan Afrilu da ruwa? Idan famfon TdE ne a gidan, ku buɗe shi da safe da yamma, ku tambayi maƙwabta kwana nawa yakan yi bai zo ba. Ku tuna ruwa mai haske ma yana iya ɗauke da cuta. Idan kuna shakka, ku nemi ma'aikacin tsabta na asibitin yankinku ya zo ya duba.

Salgar ma ku shige ta. Ku ga ko ta kusa cika, ko daɓenta ya tsage, ko tana da murfi da bututun fitar da wari. Daɓen da ya tsufa yana iya ruftawa da mutum.

Sauro

Sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo, a cikin kwantaccen ruwa kuma yake haihuwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa kwana 10 a lokacin zafi. Kududdufin da ya yi mako biyu bai bushe ba ya isa ya cika unguwa da sauro. Ku zagaya bayan gidan ku nemi ramukan da aka haƙa don yin tubali, da fadama, da gonar shinkafa, da kwatar da ta toshe.

A cikin ɗaki ku ɗaga kai sama. Idan kuna hango haske tsakanin saman bango da kwano, to ta nan sauro ya fi shiga. Toshe wannan wuri da sa silin da raga a taga suna rage shi ƙwarai. Ku lissafa kuɗin wannan aiki a cikin kuɗin gidan. Ku duba kuma ko ɗakunan suna da faɗin da za a ɗaura wa kowace shimfiɗa gidan sauronta. Ku sake zuwa bayan faɗuwar rana, ku zauna rabin awa a tsakar gida. Jikinku zai gaya muku abin da dillali bai faɗa ba.

Iska, zafi da hayaƙi

Arewacin Togo yana cikin yankin da sanƙarau ke tashi da rani, daga hunturu zuwa saukar damina. A farkon shekarar 2016 an yi annobarsa da ta fara daga Dankpen a yankin Kara. Sanƙarau da tarin fuka da ƙyanda ta numfashi suke yaɗuwa, sun kuma fi samun dama inda mutane da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya marar iska. Ɗakin kwana mai kyau yana da tagogi biyu a bango dabam dabam domin iska ta ratsa. Ku ƙirga ɗakuna da yawan masu kwana, kada ku ƙirga su da kayan ɗaki.

A watannin Maris da Afrilu zafi yana kai digiri 40 a Dapaong da Mango. Ɗaki mai gajeren rufin kwano marar silin yana gasa jarirai da tsofaffi, yana ƙarar musu da ruwan jiki. Ku shiga ɗakunan da ƙarfe 2 na rana ku ji. Ɗakin da bangonsa yake kallon yamma yana riƙe zafi har tsakar dare. Itacen inuwa a tsakar gida dukiya ce, amma ku duba kada saiwarsa ta shiga tushen gini.

Ku duba madafa. Idan bangonta da rufinta sun yi baƙi ƙirin, hayaƙi ba ya samun mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara suna cikin waɗanda suka fi shaƙarsa. Madafa ta kasance a ware da ɗakin kwana, da taga ko ƙofar hayaƙi a sama. Shi ya sa yake da kyau wadda za ta yi girki a gidan ta je ganinsa tun kafin ciniki.

Ɓeraye, macizai da wayar lantarki

A shekarar 2016 an tabbatar da zazzaɓin Lassa a Mango. Ɓera ne yake ɗauke da cutar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi a kan abinci da kwanuka. Ku duba kusurwoyin ɗaki da saman silin da rumbu ko akwai ramuka ko kashin ɓera. Ku lura da juji a kusa. Inda ɓera ya yi yawa maciji yana biyo shi, kuma kububuwa tana son tarin duwatsu da kango da ciyawa. Gidan da ke bakin gari kusa da gonaki yana bukatar ƙofa mai rufuwa har ƙasa. Ku ƙwanƙwasa katakon rufi da na ƙofa, idan ya yi ƙarar holoƙo gara ta cinye cikinsa.

Ku tambayi ko gidan yana da mitarsa ta CEET. Wayar da aka jawo daga nesa a kan sanduna tana kawo gobara, tana kashe yara idan ta faɗo da damina. Ku guji gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ku nemi a nuna muku takardun biyan wuta da ruwa na baya, kada ku gaji bashin wani.

Takardu

Gida mai lafiya ma ba shi da amfani idan gobe za a fitar da ku. Rikicin fili yana cikin shari'o'in da suka fi cika kotunan Togo, kuma sayar da fili ɗaya ga mutum biyu sanannen abu ne. Dokar filaye ta ranar 14 ga Yuni 2018 ta ɗauki takardar mallakar fili, wato titir fonsiye, a matsayin tabbatacciyar shaidar mallaka. Ofishin rajistar filaye yana ƙarƙashin hukumar OTR. Ku karɓi lambar takardar, ku je can a duba muku sunan wanda yake kanta da ko an jinginar da gidan a banki. Rasit da aka rubuta da hannu bai kai wannan takarda ƙarfi ba.

Idan gidan gado ne, ku tabbatar dukan magada sun yarda, har da 'ya'ya mata da matar mamaci da waɗanda suke Lome ko Gana. Idan filin dangi ne, ku ga takardar da ta wakilta mai sayarwa. Ku je ofishin magajin gari ku tambaya ko filin yana cikin wuraren da aka keɓe don hanya ko makaranta ko kasuwa. Ku sa mai awon fili ya nuna muku duwatsun iyaka a gaban maƙwabta. Idan kun ga an rubuta a bango cewa ana shari'a a kan wurin, ko an shafe wani rubutu da fenti, ku dakata.

Kada ku yi cinikin biri a sama. Wanda yake ci rani a wata ƙasa kada ya aiko da kuɗi saboda hoton da ya gani a WhatsApp, ya wakilta ɗan'uwan da ya amince da shi ya je ya gani da idonsa. Kada ku ba da kafin alƙalami sai kun ga takardu. Ku yi cinikin a gaban notaire da shaidu, kowane kuɗi da kuka biya a rubuta shi.

Abin da ke gyaruwa da abin da ba ya gyaruwa

Da wuya ku sami gidan da ba shi da aibi ko ɗaya. Taga ana iya fasawa. Silin da raga da murfin rijiya ana iya sawa. Ku rubuta waɗannan, ku kai wa magini ya yi muku lissafi, sa'an nan ku nemi ragi a kan kuɗin gidan. Amma gidan da ke cikin hanyar ruwa, ko wanda rijiyarsa take manne da salgar maƙwabci ba kuma wani ruwan sha a kusa, ko wanda ake rikici a kan takardunsa, kuɗin gyara ba zai raba ku da matsalarsa ba. Ku bar shi ko da an karya muku farashi.

Ku je ganin gida aƙalla sau 3: da rana tsaka, da dare, da kuma bayan ruwan sama. Ku tafi da uwargida da magini. Bayan an gama ciniki, ku yi gyaran salga da rijiya da tagogi tun gidan yana fanko, ku ɗaura gidajen sauro, sa'an nan yara su tare.