Faɗuwa ɗaya na iya rufe rumfar tsoho

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi ya san irin wannan dattijuwa: mai saida daddawa da kuka, wadda in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, kana ta miƙe. Sai a ce ai girma ne ya zo. Gaskiya ne, amma mene ne ke faruwa a cikin jiki?

Tun daga wajen shekara 30 tsokar jikin mutum take soma raguwa kaɗan-kaɗan, bayan shekara 60 kuma abin ya ƙara sauri. Guringuntsin da ke hana ƙashi gogar ƙashi a gwiwa yana cinyewa, shi ne ciwon da ake ji wajen tsugunno ko sujada. Ga mata, bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana rage ƙwari, har ƴar faɗuwa ta karya ƙugu ko wuyan hannu. In yanar ido ta haɗu da jiri, to rami da santsin damina sun zama tarko.

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce cikin mutum 100 masu shekara 65 zuwa sama, 28 zuwa 35 suna faɗuwa kowace shekara. Ga ɗan kasuwa kuwa, karaya ba ciwo ne kawai ba. Watanni ne a kwance, jari ya tafi wajen magani, zubin adashi ya tsaya, masu ciniki su koma rumfar maƙwabci.

Kuskuren da iyalai suke yi shi ne cewa: "Inna, zauna ki huta." Zaman wuri ɗaya shi ke ƙara kashe tsoka. OMS ta ba da shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiya a ƙasa da sanyin safiya ta wadatar. A rumfa ma, a riƙa tashi ana zagayawa, a gwada miƙewa daga benci ba tare da dafawa ba, sau da yawa a yini. Daƙon buhu da tulu kuwa a bar wa yara.

A riƙa shan nono, a ci wake, zogale da ƙananan kifi. A sa takalmi mai kama diddige maimakon silifas. Riƙe sanda ba abin kunya ba ne. Sannan a yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla: yawan shansu yana ɓata ciki da ƙoda, Tramol kuwa yana sa jiri. Gara a je likita a auna hawan jini, suga da ido, domin yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki.

Allah ya sa mu tsufa da ƙafafunmu.